Fiton Almuru a Mashigin Ƙirya

Rana ta kusa faɗuwa sa'ad da Mu'azu ya gangara bakin ruwa ɗaure jirage. Aikin kullum ne. Ya jawo kowane kwale-kwale zuwa turkensa, ya zarga igiya, ya ƙulle, ya girgiza ya ji ko ta kama. Uku ƙanana, sai babba guda mai cin mutum ashirin. Turke na biyar yana tsaye, babu komai a jikinsa.

Mu'azu bai dube shi ba. Kwana huɗu ke nan yana kauce wa turken nan da ido.

Tsakiyar marka ce. Kogin Mariga ya cika ya batse, ruwa ja wur, yana tafe da kumfa da kututturan da ya tumɓuko daga daji. A shekarun nan, zamanin kakannin kakanninmu, mahara kan ɓullo daga yamma, su ratsa dajin Birnin Gwari, su kwashi mutane da dabbobi su koma. Da rani ganuwa ce ke tsare ɗan garin Ƙirya. Da damina kuwa kogi ne ganuwa, jirage su ne ƙofa, wanda ya kama jirage ya kama gari. Shi ya sa tun kafuwar garin Sarkin Ruwa yake ajiye masu tsaro huɗu a mashigi, da kwari da baka da mashi, da ƙaho guda rataye a bukka. Su ke tare duk wanda ya hauro su tambaye shi daga ina, wurin wa. Su ke kwana da jirage, su tashi da jirage. Ba su da doki, ba su da kirari, maroƙi bai san sunansu ba. In gari ya kwana lafiya, ba mai tuna suna nan.

Dokokinsu biyu ne. Bayan faɗuwar rana jirgi ba ya barin turke, ko wa ya kira. Sannan ba a barin mutum ɗaya a mashigi. Ta farko kowa ya san dalilinta. Ta biyu kuwa, tsofaffin da suka san dalili sun tafi da shi kabari.

Wannan damina dokar ta biyu ta karye ba da nufin kowa ba. Hammadu aka kira shi Birnin Gwari cikin 'yan baka. Usman zazzaɓi ya kayar da shi, 'yan'uwansa suka zo suka ɗauke shi zuwa Kusasu. Ya rage Mu'azu da Dabo.

Dabo abokinsa ne na shekara ashirin, gajere, mai i'ina, wanda sai ya yi kokawa da kalma kafin ta fito. Ranar da suka hango hayaƙi a yamma, shi ya ce zai haye ya leƙa. Ya ɗauki ƙaramin jirgi da hantsi.

"Za-za-zan dawo kafin la'asar," ya ce. "Ka-ka rage min tuwo."

La'asar huɗu ta wuce.

Ranar da muke magana, mutum ɗaya Mu'azu ya gani tun safe: tsohuwa Ladi, Bagwariyar da ke kawo wa masu tsaro abinci, da ƙwaryarta a kafaɗa. Ita ce ke kawo masa labarin 'yarsa Huraira, wadda ta haihu kwana shida da suka wuce. Matarsa Saude ta rasu shekara uku ke nan. Huraira ce kaɗai ta rage masa a duniya, kuma bai ga jikan ba tukuna.

"Gobe suna," in ji Ladi tana sauke ƙwarya. "Namiji ne, ƙato. Goshinka sak."

"Ita fa?"

"Lafiya lau. Tana ta tambayarka."

"Sarkin Ruwa ya ce me?"

Ladi ta taɓe baki. "Ya ce ka ƙara haƙuri. Maza sun ƙare. Na gona na gona, na ganuwa na ganuwa."

Mu'azu ya yi ta jan ta da zance. Ya tambayi dawarta, ya tambayi akuyar da ta ɓata mata, ya tambayi wa ya yi aure, wa ya rasu. Ba amsar ce ta dame shi ba, muryar mutum yake so ya ƙara ji. Tsohuwa ta ba shi abin da ta iya, idonta na kan ruwa. Can ta ce, kamar da kanta take magana, "Kai kaɗai." Ta ɗauki ƙwaryar jiya ta hau tudu da saurin da bai taɓa gani a ƙafarta ba.

Yanzu ya gama ɗauri. Ya tsuguna ya yi alwala da ruwan kogi, ya shimfiɗa buzu a kan yashi, ya yi magariba. Kwaɗi sun cika fadama da kuka. Sauro na waƙa a kunne. Can bayan tudu, nesa, yana jin dakan matan gari ƙasa-ƙasa, irin sautin da ke sa wanda ba shi da kowa ya ƙara jin ba shi da kowa.

Ya sallame.

Kwaɗin suka yi shiru.

Duka, lokaci ɗaya, kamar an rufe su da faifai.

Ya ɗaga kai. Sama ta yi ja ta gefen yamma, ƙasa kuwa duhu ya fara cin itatuwa. Almuru. Iska ta tsaya. Wani wari ya taso daga kogi, warin laka ta can ƙasa wadda rana ba ta taɓa gani ba, haɗe da ƙarnin kifi da ya kwana.

"Mu'azu!"

Daga ƙetare ne.

Ya miƙe har buzu ya naɗe a ƙafarsa. Kogin da faɗi, ruwa na ruri, amma muryar ta iso kunnensa tar, kamar daga bakin bukka.

"Mu'azu! Kawo jirgi!"

Muryar Dabo ce. Ko cikin kasuwa zai gane ta.

Ya gangara har ruwa ya taɓa yatsunsa. Can gindin itatuwan ƙetare ya hango gajeren mutum a tsaye, da wasu duhu-duhu a bayansa.

Akwai tambayar da ake yi wa ɗan gida in ya dawo daga ƙetare, wadda Sarkin Ruwa ke sauyawa kowace Juma'a. Ta wannan makon, in an ce me ka ɗauko, sai ka ce gishiri. Mu'azu ya haɗa tafukansa a baki.

"Me ka ɗauko?"

Shiru.

"Dabo! Me ka ɗauko?"

"Mata na ɗauko, da yara. An ƙone garinsu. Mahara na bayanmu. Kawo babban jirgi tun ana ganin ruwa."

Sai jariri ya fashe da kuka.

Kukan ya ratso kogi ya shiga cikin Mu'azu. Siriri, mai rawa, na ɗan da bai cika mako ba.

Ya juya ya dubi bukka inda ƙaho ke rataye. In ya busa, za a rufe ƙofar gari, maza su hau ganuwa, ba wanda zai sauko sai gari ya waye. Kafin nan waɗancan sun zama gawa ko bayi. Ya dubi rana. Ta faɗi, sai jan da ta bari. Doka kuwa ba ta ce sai duhu ya yi ba.

Ya ce wa kansa mutumin da ya kwana huɗu a daji yana gudun mashi zai iya manta kalma ɗaya. Ya ce wa kansa in Huraira ce a tsaye can, wace doka? Akwai kuma wani abu da bai faɗa wa kansa ba: daren nan zai samu wanda za su zauna bakin wuta su ci tuwo tare.

Ya kwance igiyar babban jirgi.

Mutum ɗaya ba ya tuƙa wannan jirgi a cikin marka sai wanda aka haifa a bakin ruwa. Mu'azu a bakin ruwa aka haife shi. Ya bi gaɓa ya hau sama tukuna, sannan ya saki hancin jirgi ya yanka, don ruwa ya sauke shi daidai. A tsakiyar kogi, ƙasa kaɗan da hanyar fito, akwai Dutsen Kada. Kansa kawai ke waje, ruwa na dukansa yana fari. Ya ci jirage a zamanin da. Mu'azu ya ba shi hanya, ya wuce ta samansa, filafili na nitsewa yana fitowa.

Da ya kusa ƙetare sai ya gan su sosai.

A cikin ruwa suke tsaye. Ba a kan gaɓa ba. Ruwa iya gwiwa, a jere, kowa ya lulluɓe kai. Babu mai ɗaga hannu. Babu mai kiran ya yi sauri. Masu gudun mahara ya sani, sukan yi rige-rige, su tattake juna. Waɗannan jira kawai suke yi.

"Salamu alaikum," in ji Mu'azu.

Ruwa ne ya amsa, yana lasar jikin jirgi.

Ya ce a ransa wahala ce ta ɗauke musu baki.

Dabo ne ya fara shiga. Ya naɗe kansa da tsumma, ya wuce can hancin jirgi ya zauna, ya ba Mu'azu baya. Ko hannu bai miƙa masa ba.

"Ina ƙaramin jirgin?" Mu'azu ya tambaya.

"Ruwa ya ci. Tuƙa."

Sauran suka shigo ɗaya bayan ɗaya. Tsoho mai sanda. Mata masu tsawo. Wasu gajeru da ya ɗauka yara ne. Ta ƙarshe mace ce mai goyo, ta zauna dab da shi, har zanenta na taɓa gwiwarsa. Zanen jiƙe yake, sanyi kamar randa.

Ya dafa filafili a gaɓa ya tura.

Sai da suka bar gindin itatuwa ya lura. Jirgi bai yi ko tangal ba lokacin da suke shiga. Ya leƙa gefe. Bakin jirgi yana sama da ruwa kamar yadda ya zo da shi wofi.

Amma tuƙin ya yi nauyi. Kamar duwatsu ya ɗauko.

Ya ja. Gumi ya karyo masa. Warin lakar nan ya cika jirgi, har yana jin ɗanɗanonsa a harshe. Jaririn na ta kuka, numfashi ɗaya, ba ya tsayawa ya ja iska.

Can gaba wani ya yi raɗa.

"Ni gidan maƙeri."

Wata ta amsa, ƙasa-ƙasa. "Ni gidan da ke gindin tsamiya."

"Ni na mai saƙa. Yaransa biyar."

"Bar min biyu."

Aka yi wata 'yar dariya, irin ta ruwa in yana shiga tulu.

Hannun Mu'azu ya yi sanyi a kan filafili. Gidajen Ƙirya ne suke ambata. Baƙin da aka ƙone wa gari a can yamma, ina suka san maƙerin Ƙirya? Ina suka san tsamiya?

Ya dubi bayan Dabo. Sai wani abu ya faɗo masa a rai.

Tun daga kiran farko har zuwa "tuƙa", muryar nan ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Shekara ashirin bai taɓa jin Dabo ya kira sunansa a miƙe ba.

"Dabo," ya ce. Muryarsa ta fito kamar ta wani. "Juyo in gan ka."

"Tuƙa, mai tsaro."

"Juyo."

Kan ya juyo. Kafaɗun ba su motsa ba.

Fuskar Dabo ce, a kumbure, fari-fari kamar cikin kifi. Inda idanu suke, laka ce.

"Ba ma iya hayewa," in ji bakin, a hankali, "sai wanda ke tsaron ƙofa ya ɗauke mu da hannunsa ya sauke mu. In masu tsaron biyu ne, ɗaya kan riƙe ɗaya. Shekara nawa muna jira a bar mana mutum guda."

Mu'azu ya buɗe baki zai yi a'uziyya. Harshe ya ƙi.

Mai goyon nan ta matso. Ta ɗan yaye lulluɓi. Bai ga fuska ba, sai baki, a buɗe. Kukan jaririn daga nan yake fita. Goyon da ke bayanta tsumma ne a ƙulle, babu kowa a ciki. Kuka na fita, magana na fita, daga baki ɗaya.

"Ni gidan mai jego," ta ce. "Ɗakin da ke bayan rumbu. Gobe suna."

Ɗakin Huraira ne ke bayan rumbu.

Ya daina tuƙi.

Jirgi bai tsaya ba. Yana tafiya gabas, a miƙe, yana yanka ruwa, kamar ana jan sa da igiya. Ya hango gaɓa. Ya hango turaku biyar. Ya hango garwashin wutarsa a bakin bukka, da hanyar da ta hau tudu zuwa gari.

Ya yi tunanin faɗawa ruwa. To, jirgi zai isa ko ba shi. Da hannunsa ya kwance, da hannunsa ya loda.

Kawunan duka sun juyo gare shi yanzu.

"Saura kaɗan," in ji tsoho mai sanda.

"Saura kaɗan," in ji gajerun.

Sai daga hancin jirgi wata murya ta fito, can ƙasa, a shaƙe, kamar mai magana daga cikin rijiya.

"Mu-Mu-Mu'azu. Du-du-dutsen."

Gawar Dabo ta sa hannu ta toshe bakinta.

Hawaye suka zubo wa Mu'azu. Hannunsa ya dawo nasa.

Dutsen Kada na hagu, ƙasa kaɗan, yana ruri. Ya kafa filafili a ruwa ta bayan jirgi, ya rungume shi da ƙirji, ya kwanta a kansa da duk nauyinsa. Itacen ya yi ƙara. Jirgi ya ƙi. Ya ƙara dannawa. Wani abu ya ɓalle a kafaɗarsa.

Hancin jirgi ya karkata.

Kogi ya samu gefensa, ya ɗauke shi.

Suka tashi tsaye gaba ɗaya. Ihun da suka yi ba na mutane ba ne. Hannuwa suka miƙo, dogaye, sun fi ƙarfin jiki.

Harshensa ya saku.

"La'ilaha illallahu!"

Jirgi ya bugi dutse.

Ya ji itace ya tsage. Sama ta koma ƙasa. Ruwa ya rufe shi.

Duhu. Sanyi. Ruri a kunne.

Abubuwa na wucewa ta jikinsa, masu santsi. Zane. Gashi. Yatsu na lalube.

Ya harba. Ya fito ya ja iska rabin baki. Ya sake nitsewa.

Hannu ya kama idon sawunsa na hagu.

Ƙaramin hannu. Riƙonsa kamar awartaki.

Yana jan sa ƙasa.

Ya harba da dama. Ya tanƙwara ya kai hannu zai ɓamɓare, bai taɓa komai ba sai ƙafarsa. Riƙon na nan. Ƙirjinsa na ci da wuta. Ya ga taurari a cikin idonsa.

Wani kututture da ruwa ya ɗauko ya doke shi a haƙarƙari. Ya rungume shi. Kututture ya juya, ya ɗaga shi sama. Iska. Ya sha ta kamar ruwa.

Jan ya sassauta.

Bai san tsawon tafiyar da kogi ya yi da shi ba. Abin da ya sani, kututturen ya sarƙe a rassan wata bishiya da ta kwanta a gaɓar gabas, shi kuma ya rasa ƙarfin hawa. Rabin jikinsa a ruwa, rabi a itace. Bai saki ba.

Da safe wani makiyayi ya kawo shanu shan ruwa. Shanun suka tsaya nesa, suka ƙi gangarowa, suna huci. Ya sauko ya ga dalili, ya tarar da mutum manne da itace.

"Subhanallahi! Bawan Allah, da rai?"

Ya miƙa masa sanda, ya jawo shi tudu. Sai da ya ɓamɓare yatsun Mu'azu ɗaya-ɗaya kafin ya saki sandar.

Kafin hantsi labari ya kai gari. Sarkin Ruwa ya sauko da mutane, ransa a ɓace, don babban jirgi ba abin da ake sassaƙawa a wata ɗaya ba ne. Ya tsaya a kan Mu'azu.

"Kai da ka fi kowa sanin doka?"

"Na karya ta, ranka ya daɗe," in ji Mu'azu. "A yi min hukuncin da ya dace. Amma a fara jin abin da na ɗauko."

Ya faɗi komai, bai rage laifinsa ba. Wasu suka ce ruwa ne ya taɓa masa kai. Sarkin Ruwa ya aika mutum uku ƙetare a ƙaramin jirgi. Suka dawo suka ce babu sawun kowa a laka, ko na tsuntsu. Amma a cikin saiwoyin wata bishiya sun sami Dabo, da kibiya a bayansa. Wanda ya san gawa ya ce ta kwana huɗu a ruwa.

Sarkin Ruwa ya cire hularsa ya shafa kai, ya mayar. Ya ce a sa Mu'azu a kan asabari a kai shi gida, ya ga jikansa, a ɗora masa kafaɗa.

Mutum huɗu suka ɗauke shi suka hau tudu. Yana jin kiɗan suna daga nesa, da guɗa. Ya rufe ido. Suka wuce gonakin dawa. Suka wuce makabarta. Inuwar ganuwa ta sauka a fuskarsa.

Idon sawunsa na hagu ya matse.

Yatsu biyar, ƙanana, masu sanyi.

Daga wajen ƙafarsa, ƙasa-ƙasa, yadda shi kaɗai zai ji, aka ce, "Saura kaɗan."

"Ku sauke ni!"

Suka tsaya a ruɗe.

"Ku sauke ni, na ce! Ku koma da ni baya! Kada ku shiga ƙofar nan!"

Ya mirgino daga asabari ya faɗi ƙasa, ya ja ciki yana nesanta kansa da ƙofa, da karyayyar kafaɗa. Da suka yaye ƙafar wandonsa, sai ga shatin yatsu biyar, baƙi ƙirin, zagaye da idon sawu. Ruwa na tsattsafowa daga wurin, yana ɗiga a busasshiyar ƙasa. Warin laka ya sa na kusa suka ja baya.

Aka mayar da shi bakin kogi.

An kira wani Modibbo, babban malami, daga Kakangi. Ya kwana bakwai a mashigi yana rubutu yana wankewa, yana turare, yana tofi. Kafaɗa ta warke. Shatin bai gushe ba, ɗigar ba ta tsaya ba. Ranar da zai tafi ya ce, "Na yi abin da na sani. A nan bakin ruwa abin da ya riƙe ka ba ya iya komai, kuma ba zai bar jikinka ya koma kan wani ba. Abin da zai yi in ka tsallake ƙofar gari da shi, wannan Allah ne masani."

"Ya isa," in ji Mu'azu. "Na gode, Modibbo."

Tun daga ranar ba a sake barin mutum ɗaya a mashigin Ƙirya ba. Ko ana yaƙi, ko ana girbi, huɗu ne, kuma duk sabon da aka kawo sai an zaunar da shi gaban Mu'azu ya ji labari daga bakin mai shi. Sarkin Ruwa bai hukunta shi ba. Ya ce ya ga hukuncin da ya fi nasa.

Mu'azu ya gyara bukka, ya yi 'yar gona a fadama, ya ci gaba da ɗaure jirage da yamma. Bai sake shiga jirgi ba. Bai sake wuce makabarta ba. Sallar Idi a kan yashi yake yin ta, yana jin kabbarar gari daga bayan tudu.

Huraira kan sauko duk Juma'a da yaron. An sa masa suna Ibrahim. Da farko a goye, daga baya riƙe da zanenta, daga baya yana gaba tana binsa. Mu'azu ya ja layi a yashi da sanda, iyakar inda yaron zai tsaya. Maganar Modibbo ta ce ba komai, amma shi bai yarda ya gwada da jikansa ba. Daga bayan layin yake koya masa ƙulla igiya, yana nunawa a iska, yaro na kwaikwayo.

Wata Juma'a da rani, kogi ya janye har ana ganin Dutsen Kada tun daga gindinsa, Huraira ta zauna a kan yashi. Ibrahim na can yana jifan ruwa da tsakuwa.

"Baba," ta ce, "shekara bakwai ke nan. Na share maka ɗaki, na daɓe. Tsufa ya zo maka. Ka shigo gida, ko kwana ɗaya ne."

Mu'azu ya dubi hanyar tudu. Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya sunkuya ya dubi ƙafarsa. Rana na tsakar ka, yashi ya yi zafin da ba a taka shi ba takalmi, amma ƙarƙashin diddigensa na hagu ƙasa ta jiƙe, tana ƙara faɗi a hankali.

"Ki yi haƙuri, 'yar nan," ya ce. "In na shigo, ba ni kaɗai zan shigo ba."